Inda Farin Ciki Da Baƙin Ciki Su Ke Fitowa A Jikin Mutum

  Wanda kuma wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa a ɗakin shan magani, in ya iya karatu, ina roƙonsa ya ɗaga murya kaɗan don na kusa da shi a kan benci su ji.

Yau zancenmu a kan wani ciwo ne wanda ba ya fid da jini, ba ya kumbura, ba a kuwa ganinsa a madubin likita. Amma duk da haka ya kan kwantar da ƙaton magidanci a tsakiyar damina har ciyawa ta cinye masa gona, ya kan sa mace ta dubi jaririnta ta ji kamar na wata ne. Mu a wurin aiki muna kiransa ciwon damuwa. Kafin mu kai gare shi sai mun fara sanin inda farin ciki da baƙin ciki su ke fitowa a jikin ɗan Adam, da abin da mutum zai iya yi wa kansa ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Bari in fara da labarin wani dattijo. Ni a unguwar Ƙofar Atiku na ke zaune cikin birnin Sakkwato, watau ƙofar nan da ta ci sunan Sarkin Musulmi Atiku ɗan Shehu, wanda ya yi sarauta daga 1837 zuwa 1842. Akwai wani baduku a unguwar, ba zan faɗi sunansa ba, ya kusa shekara 70, kowa ya san shi da barkwanci. Ran nan da hantsi sai ga jikansa ya kawo shi wurin aikinmu a bayan babur. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ina ke yi maka ciwo?"

Ya ce, "Ɗana, ko'ina. Kaina kamar an ɗora mini dutsen niƙa. Wani abu yana yawo a jikina kamar kiyashi. Tuwo ba ya shiga. In na kwanta kuwa, tun kafin zakara ya yi cara na farka, ido biyu har gari ya waye."

Na auna zafin jikinsa, lafiya lau. Na duba ko hawan jini ne, babu. Na soki yatsa don gwajin zazzaɓin sauro, shi ma babu. Jikan ya kwance ƙullin leda ya nuna mini abin da aka riga aka sha: ƙwayoyin zazzaɓi, kwalba 2 ta maganin ƙarin jini, da saiwoyi iri iri, ban da allura 3 da aka yi masa a wani shago. Kuɗin da aka kashe sun isa sayen ɗan akuya.

Sai na ture takarda gefe na ce, "Baba, yaushe rabonka da rumfarka?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Tun da mai ɗakina ta rasu." Wata 8 ke nan. 'Ya'yansa maza duk suna Kurmi wurin neman abinci. Majalisar ƙofar gida da ya ke zama shekara da shekaru ya daina fita. Ya ce ko wuƙar yankan fata ya ɗauka, sai ya ji bai ga amfanin yi ba, ya ajiye. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, na kuwa dubi tasa na ga labarin. Ku riƙe Baba a ranku, za mu komo kansa.

Mu Hausawa zuciya mu ke ɗora wa kome. Mu ce zuciyar wane ta yi fari, ta wane ta yi baƙi, wane kuwa zuciya ce ta ɗebe shi. Maganar ba ta da laifi, don in mutum ya firgita a ƙirji ya ke jin bugu. Amma likitoci sun gano zuciya umurni ta ke bi. Fadar tana can sama cikin ƙoƙon kai, ita ce ƙwaƙwalwa. A cikinta akwai 'yan ƙananan jijiyoyi wajen miliyan dubu 86, ko wace tana aika wa 'yan'uwanta saƙo dare da rana. Abin mamaki, yawancin jijiyoyin nan ba a manne su ke da juna ba, tsakanin wannan da waccan akwai ɗan rata ƙanƙane ƙwarai. To, ƙaƙa saƙo ke ƙetarewa? Ku tuna da gulbin Rima in ya cika ya batse cikin Agusta, a wurin da babu gada. Manzo ya zo da takarda ya tsaya bakin gaɓa, tilas ya miƙa wa ɗan fito ya haye da ita cikin jirginsa. Haka jijiya ta ke yi. In saƙo ya iso bakinta sai ta saki wani ɗan ruwa, shi ne zai haye ya buga ƙofar ta gaba. Irin waɗannan su a ke kira sinadaran ƙwaƙwalwa. Ko wane iri da tasa ƙofar, kamar yadda birninmu ke da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kware da sauransu.

Wanda ya fara nuna haka a fili wani likita ne Bajamushe, Otto Loewi, a ƙasar Ostiriya cikin 1921. Ya cire zukatan kwaɗi 2 ya sa su cikin ruwan gishiri suna ta bugawa. Ya taɓa jijiyar ta farko da lantarki, sai bugunta ya ragu. Sa'an nan ya ɗebi ruwan da ta ke ciki ya zuba wa ta biyu, wadda ba a taɓa ba, ita ma sai ta rage gudu. Ashe jijiyar nan wani abu ta zuba cikin ruwan. Sabo da wannan aiki aka ba shi lambar Nobel a 1936.

Sinadaran nan sun fi ƙarfin jawabi ɗaya, sai dai in tsakuro kaɗan. Akwai dofamin, ni na kan kira shi ɗan zuga. Shi ke sa ka ji kana son ka tashi ka nemi abu. Manomi in ya daɗe yana duban sama, ran da ya ga hadari ya haɗo daga gabas, ka ga ya zabura yana cigiyar sungumi da iri tun ruwa bai sauka ba. Wannan zabura da hannun dofamin a ciki. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, shi ya nuna aikinsa a ƙwaƙwalwa cikin 1957 da 1958. In jijiyoyin da ke yinsa sun lalace a wani sashe, shi ne ke kawo ciwon nan na tsofaffi mai sa hannu rawa da jan ƙafa.

Akwai kuma endofin, watau maganin zafi wanda jiki ke yi wa kansa. Ko ka taɓa zuwa gayya, ana kiɗa ana noma, ka sare ƙafa da fartanya ba ka ji ba sai da yamma wurin wanka? To, shi ne ya rufe maka zafin, shi ne kuma ya ba ka wannan sakayau da ka ji bayan an tashi. Waɗansu masana 2 a garin Abadin na ƙasar Sikotilan su suka fara fid da irinsa daga ƙwaƙwalwar dabbobi a 1975. Ku lura da wannan sinadari da kyau, don ƙofarsa ce ɓarayi su ke bi su shiga, zan gaya muku su wane ne.

Mata kuwa sun san aikin oksitosin ko ba su san sunansa ba. Shi ke matsa mahaifa ran naƙuda. Shi ke sa mai goyo ta ji nono ya zubo da zarar ta ji kukan ɗanta daga bayan ɗaki. Yana da hannu cikin shaƙuwar uwa da ɗa. Tun 1953 aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji, shi ne allurar nan da ungozomar asibiti ke yi wa mace bayan ta haihu don tsai da jini. Tun da zance ya biyo ta nan, kada a yarda kowa ya yi wa mai naƙuda wannan allura a gida wai don haihuwa ta zo da sauri. Tana iya fasa mahaifa.

Sai sirotonin, wanda ya fi su suna. A Amurka aka ware shi daga jini cikin 1948. Yana da ruwa da tsaki cikin barci da cin abinci da natsuwa. Wajen kashi 90 cikin 100 na wanda ke jikin mutum a hanji ya ke, amma na hanji ba ya hawa kai. Ƙwaƙwalwa ita ke dafa nata da kanta, daga wani sinadari da ta ke samu cikin abinci mai gina jiki.

A nan sai in ja muku kunne. Kada wani ya ɗauka ƙwaƙwalwa tukunyar miya ce, gishiri ya yi kaɗan a ƙara, shi ke nan. An daɗe ana cewa ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne kurum. A 2022 waɗansu masana a Ingila suka tattara binciken da aka yi a kan haka, suka ce ba su sami tabbatacciyar hujja ba, aka kuwa yi musu mai zafi tsakanin likitoci. Abin da ba a musu a kai shi ne ciwon yana da tushe da yawa: gado, da rashin da aka yi, da talauci, da tsoro, da kaɗaici, da wani ciwo na jiki. Babu kuma wani gwajin jini da za a yi maka a ɗakin shan magani a ce ga yawan farin cikinka. Sabo da haka in ka ji mai lasifika a kasuwa yana tallan kwalbar da ke wanke ƙwaƙwalwa ta kori baƙin ciki, riƙe kuɗinka ka sayi wake.

Zancen tsoro kuwa, mun ga abin da ya ke yi da idonmu. Tun daga 2018 mutane da yawa suka baro ƙauyukansu a yankunan Raba da Isa da Sabon Birni sabo da 'yan bindiga, waɗansu suka sauka wurin dangi cikin birni. In mutum ya firgita, jiki ya kan saki adirenalin da kotizol, zuciya ta buga, jini ya hau, ƙafa ta yi shirin gudu. Wannan rahama ce in na ɗan lokaci ne. Amma in tsoron ya zauna wata da watanni, sai barci ya ƙaurace, ciki ya ƙi abinci, a rufe ƙofa da ƙarfi mutum ya zabura. In kana da irin wannan baƙo a gidanka, kada ka ce masa rago. Jikinsa ne bai ji labarin an tsira ba tukuna.

To, yanzu me mutum zai yi da kansa? Na farko ya motsa jiki. A makarantar mishan inda na yi karatu akwai wata malama da ke fid da mu gudu tun da duku-duku, cikin sanyin hunturu, muna tafe muna gunaguni. Sai da na girma na gane duk ran da muka yi gudun nan mun fi walwala a aji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako yana aikin da zai sa numfashinsa ya ɗan ɗaga, watau minti 30 a yini har kwana 5. An kuma gwada an gani, wannan yana rage damuwar da ba ta yi tsanani ba. Na san manomi zai yi dariya ya ce shi da ke yini a duƙe. Gaskiyarka, da damina ba ni da abin gaya maka. Amma da rani fa, bayan an kai amfani rumbu, sa'ad da a ke yini gindin bishiya? Da tsohon da aka ce ya huta, aka hana shi ko ba akuya dusa? Da mu mutanen birni, da ko masallacin unguwa sai mun hau babur? Mata kuma, daka da surfe da jan ruwa da shara duk suna cikin lissafi. Injin niƙa ya hutar da ku, na kuwa yi murna da haka, sai dai kada hutun ya zama zaman tabarma daga safe har dare.

Na biyu hasken rana. A 2002 an yi wani awo a ƙasar Ostireliya aka ga ƙwaƙwalwa ta fi yin sirotonin a ranakun da rana ta fito sosai. Hasken safe kuma shi ke saita agogon jiki, don barci ya zo a kan kari da dare. Mu a Sakkwato ba ma sayen rana, har ta yi mana yawa cikin Afrilu, sa'ad da zafi kan wuce awo 40. Amma ku shiga gidajenmu ku ga waɗanda ba ta taɓawa: mai jego cikin ɗaki mai duhu an toshe taga da tsumma, da mai takaba, da majinyacin da aka ajiye a ƙurya. Ban ce kowa ta fita waje ba. Tsakar gida ta isa. A shimfiɗa tabarma da hantsi, kafin rana ta yi zafi, a zauna ko na rabin sa'a ne.

Barci shi ne na fi jin kuka a kansa. In duhu ya yi, wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ya kan saki melatonin, shi ke sanar da jiki dare ya yi. Haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta shi. Baligi yana bukatar sa'a 7 ko fiye. Wanda ya kwana bai runtsa ba kowa ya san shi da safe, abu kaɗan ya hau faɗa. Ɓarayin barci a ƙasarmu sanannu ne. Akwai sauro, maganinsa gidan sauro, ko a waje ka ke kwana da bazara ka ɗaura shi. Akwai wayar hannu, samari da 'yan mata suna latse-latse har tsakar dare. Akwai kuma goro da shayi. Abin da ke cikinsu mai wartsake mutum, in ka sha, bayan sa'a 5 wajen rabinsa yana nan cikin jininka. Watau shayin da ka sha a teburin mai shayi bayan lisha yana tare da kai har asuba. Ni ma ina cin goro, ba zan yi muku ƙarya ba, amma daga la'asar na kan rufe ɗan gwangwanina.

Game da abinci, na ce ƙwaƙwalwa tana dafa sirotonin daga abinci mai gina jiki. Ana samun abin da ta ke bukata cikin wake da gyaɗa da riɗi da waken suya da nono da ƙwai da kifi da nama. Fura da nono abinci ne na kirki, haka ɗanwake da ƙosai da ƙuliƙuli. Masara ita ce matalauciya a wannan fanni. Mutanen da wahala ta sa su ke cin masara zalla wata da watanni, ba wake ba nono, su kan kamu da wani ciwo mai sa fatar wuya da hannu ta yi baƙi kamar ƙuna, ga zawo, ga ɓacin rai da ruɗewa. Ƙarancin jini shi ma ya kan yi kama da ciwon damuwa, mutum ya yi ta kasala da haki. Shi ya sa mu ke jan fatar idonka mu duba, mu kuma ba da maganin tsutsar ciki. Ku yawaita zogale da alayyafo da rama da miyar kuka. Gishiri kuma a sayi mai aidin, wanda doka ta wajabta a Nijeriya tun 1993, don rashin aidin shi ke kawo maƙoƙo da sanyin jiki da nauyin tunani.

Amma in an ce in zaɓi guda cikin duka, jama'a zan zaɓa. Iyayenmu ba su san sunan oksitosin ba, amma sun san abin da su ke yi da suka ce a yi zaman makoki tare da wanda aka yi wa rashi, a kai mai haihuwar fari gidan iyayenta wanka, a yi gayya, a yi adashi, a gai da maƙwabci kowace safiya har a tambayi gajiyarsa. Mutum ba a halicce shi don zaman kaɗaici ba. Inda mu ke kuskure shi ne, da an yi sadakar arba'in sai kowa ya kama gabansa, alhali sa'an nan ne ɗaki ke yi wa mai rashi faɗi. Zumunta a ƙafa ta ke. Wanda ya taka ya gai da ɗan'uwansa ya sami tafiya, ya sami rana, ya sami hira, duk a fita ɗaya. Addu'a da karatu da zama shiru ana ambaton Allah su ma suna kwantar da numfashi da bugun zuciya, kowa ya riƙe nasa.

Yanzu ga ɓarayin da na ce zan gaya muku. Ƙwayar taramol da maganin tari mai kodin, ta ƙofar endofin su ke shiga. Yaro ɗan kabu-kabu ko ɗan ga-ruwa ko mai aikin gini, abokinsa ya ba shi ƙwaya ɗaya ya ce zai yini bai gaji ba. Ranar farko haka ne. Amma ƙwaƙwalwa in ta ga baƙo yana cika mata gida, sai ta rage amsa masa, ta rage jin nata na asali kuma. Gobe guda ba ta isa, sai 2, sai 4. Daga nan ba don jin daɗi ya ke sha ba, don ya iya tashi daga tabarma ne kurum. Ran da bai samu ba ga hamma, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi, ga baƙin cikin da bai taɓa ji ba. Taramol da likita ke rubutawa mai awo 50 ne ko 100, wanda a ke sayarwa a ɓoye kuwa har mai 225 akwai, yana kuma sa mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Ku yi tunanin haka ta faru a kan babur, da mai ciki a baya. Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigowa da shi cikin Mayu 2018. Wata ƙidaya da aka yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mutum wajen miliyan 14 a Nijeriya sun taɓa miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. Wiwi da sholisho da zaƙami duk tafiyarsu ɗaya, rance ne mai ruwa. Uba, in ka gane ɗanka ya faɗa ciki, duka da kora ba su fid da shi. Kawo shi mu nuna maka inda a ke taimakon irinsu.

To, yaushe ne dabarun gida ba su isa ba? Baƙin ciki bayan rashi ba ciwo ba ne, halin ɗan Adam ne. Amma in mutum ya yi mako 2 ko fiye kusan kullum ransa a ɓace, abin da ya ke so da duk ya fita kansa, barci da ci sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani, har aiki ya gagara, wannan ciwo ne, a kai shi asibiti. Ba raunin imani ba ne, kamar yadda hawan jini ba raunin imani ba ne. Mai jego ta kan yi 'yan koke-koke a kwanakin farko, wannan ya kan wuce da kansa. In ya zarce mako 2, ko ta ƙi jaririn, ko ta shiga sambatu, kada a tsaya hayaƙi da turare, ku iyaye mata ku kuka fi kusa da ita. Fiye da mace 1 cikin 10 ta kan sami ciwon damuwa bayan haihuwa. A farkon aikina wata yarinya mai goyo ta zo mini sau 3 da ciwon kai, sau 3 ina ba ta ƙwayar ciwon kai ina sallamarta, ban taɓa tambayarta yadda ta ke kwana ba. Daga baya na ji an mai da ita ƙauyensu an ce iska ce. Har yau abin yana cina.

In kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa ya ke yi, kada kuma a rufe shi da faɗa. A tambaye shi a hankali ko yana tunanin halaka kansa, tambayar ba ta sa masa abin da babu a ransa. A kwashe maganin ƙwari da na feshin gona da na ɓera daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ran nan, ba gobe ba.

Magani akwai. Cikin birni akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Kware kuma, kan hanyar Illela, akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa. Na san da an ambaci Kware sai mutane su ja baya, wai asibitin mahaukata. Da yawan masu zuwa can da ƙafarsu su ke zuwa, su ga likita, su karɓi magani su koma gida. Wani magani ƙwaya ne, wani kuwa zama ne da gwani a tattauna. Ƙwayar ba ta aiki ran da aka fara, sai ta yi mako 2 zuwa 4 ko fiye, bayan an ji sauƙi kuma a kan ci gaba da sha wata 6 ko fiye. Kada a yanke ta sai da izinin likita. Tun 1954 Dokta Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, ya fara saukar da majinyatansa a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, ko wane da ɗan'uwansa mai jinya, don ya ga sun fi warkewa cikin jama'a. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba irin waɗannan majinyata haƙƙin a kula da su da mutunci kamar kowa. Mari da bulala ba su taɓa warkar da kowa ba.

Baba baduku fa? Na rubuta masa takarda zuwa wurin likita, aka ɗora shi a kan magani. Ni kuma da yamma na bi ta majalisarsu na sami amininsa, wani tsohon mahauci, na roƙe shi ya riƙa biya masa kowace safiya su taka tare zuwa rumfa, ko ba zai yi ɗinki ba. Makon farko sau 2 kaɗai ya yarda ya fito, har ya ce wa jikan a gaya mini ƙwayar ba ta da wani amfani. Na aika masa ya daure. Bayan wata 2 na wuce na tarar da shi da jar fata a cinya, yana yi wa mahaucin tsiya wai naman da ya sayar shekara 40 duk jijiya ne. Ko ƙwayar ce ta yi aiki, ko tafiyar, ko mahaucin, ni dai na bar su duka ukun a wurinsu. Har yanzu in an ambaci mai ɗakinsa ya kan yi shiru, wannan kuwa ba mu nemi mu raba shi da shi ba.

Kai da ke zaune a kan benci kana jiran a kira ka, in ka shiga kada ka tsaya a kan ciwon kai da ciwon jiki kaɗai. Gaya wa malamin asibiti yadda ka ke barci, da yadda ka ke cin abinci, da abin da ya same ka a 'yan watannin nan. Ka zo da dukan magungunan da ka riga ka sha, na kanti da na gargajiya, har da ƙwayar da ka ke jin kunyar nunawa. In da hali ka zo da wani na gida wanda ya san halinka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan farfaɗiya, da abin da ya kamata a yi wa mutum in ya faɗi. A kwana lafiya.